Rubutun jikin kaya: wanne ake iya riƙewa, wanne ne romon baka?

Mai Tireda:

Assalamu alaikum. Jama'a masana, ina neman ƙarin haske a kan rubuce-rubucen da kamfanoni ke yi a jikin kaya. Galan ɗin man girki an rubuta masa "cholesterol free", ga hoton zuciya a gefe. Lemon kwali an ce "no added sugar", ga lemu da abarba a jiki. Sabulu ya ce yana kashe ƙwayoyin cuta kashi 99.9 cikin ɗari. Maganin gargajiya kwalba ɗaya ya lissafo basir, sanyi, taifot, ciwon suga da hawan jini, sannan ga lambar NAFDAC a ƙasa. Fawa bankin da bai wuce tafin hannu ba an buga masa 50,000mAh.

Masu saye kan tambayi mai shago wanne ya fi, kuma abin da ya faɗa musu shi suke ɗauka. Mutum ba ya son ya ɗauki alhakin wani da bakinsa, ya maimaita maganar kamfani alhali bai san gaskiyarta ba. To cikin waɗannan maganganu wanne ne doka ta tsare har za a iya kama kamfani da shi, wanne ne ado kawai? Kuma akwai yadda mutum zai gane da kansa yana tsaye a shago, ba sai an je ɗakin gwaji ba?

Malama Mai Nazarin Abinci:

Wa alaikumus salam, Malam. Zan ɗauki ɓangaren abinci, sauran na bar wa masu shi.

Abu na farko, ka juya kayan. Gaban kwali na masu talla ne, su suka zaɓi launi da hoto da kalma. A bayansa ne ake samun abubuwa uku da ake iya aunawa a kama kamfani da su: jerin kayan haɗi, jadawalin sinadarai, da nauyin abin da ke ciki. Jerin kayan haɗi yana da ƙa'ida mai sauƙi: ana jera su ne daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Idan garin shayi na cakulan ya cika gabansa da hoton madara da sunayen bitamin, amma jerin ya fara da sukari, to sukari ne ya fi yawa a gwangwanin, magana ta ƙare.

Maganar man girki tana cikin irin waɗanda gaskiya ne amma ba su da amfani. Kolestarol daga dabba yake fitowa: nama, ƙwai, man shanu, kitse. Man gyada, man waken suya, manja, man riɗi, duk babu shi a cikinsu har wanda za a yi magana a kai, ko na kamfani ne ko na matan da ke tuya ƙuli-ƙuli a gida. Rubuta hakan a galan daidai yake da mai yalo ya riƙa shelar cewa nasa yalon ba ƙashi. Abin da ke ɗaga kolestarol a jinin mutum shi ne kitse mai daskarewa, wanda ake rubuta wa "saturated fat", kuma nan ne mai ya bambanta da mai. A manja da man da aka tace daga gare shi ya kusa rabi, kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A man gyada bai kai kashi 20 ba, a na waken suya wajen kashi 15. Galan da yawa da aka rubuta wa "vegetable oil" tataccen manja ne, "palm olein" za ka gani a jerin, shi ya sa yake yin kauri ko ya daskare da hunturu. Ba guba ba ne, mai ne na ci, amma hoton zuciyar nan bai dace da shi ba. A ƙa'idar Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci da hukumomin FAO da WHO suka kafa a 1963, wanda ƙasashe da yawa ke ɗora dokokinsu a kansa, kafin a ce abinci ba shi da kolestarol sai kitsensa mai daskarewa ya zama ƙasa da giram 1.5 a cikin giram 100. Babu man girkin da ya cika wannan sharaɗi.

Lemon kwali kuma iri uku ne, kuma ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan shi ke raba su. "Juice" shi ne ruwan 'ya'yan itace zalla, ko da an busar da shi an sake jiƙawa. "Nectar" an surka shi da ruwa, galibi da sukari. A Codex na lemu sai ya kai rabi, na mangwaro kuwa kashi 25 ya wadatar. "Drink" shi ne na ƙasa, ruwa ne da sukari da ƙamshi da launi, da ɗan abin da aka ɗiga na 'ya'yan itacen. Idan ka ga "flavoured", ƙamshin kawai aka yi maka alkawari. Hoton da ke gaba iri ɗaya ne a dukkansu.

"No added sugar" ba ya nufin babu sukari. Ruwan lemu zalla yana da wajen giram 8 zuwa 9 a kowane mililita 100, na tuffa wajen 10, kusan daidai da lemon kwalba. Jiki ba ya tambayar daga ina sukarin ya fito, kuma WHO ta sa sukarin ruwan 'ya'yan itace da zuma cikin wanda ake so a rage. Mai ciwon suga da ya sayi wannan kwali yana ganin ya tsira, an cuce shi. Wanda ke da ma'auni shi ne "sugar free": kada ya wuce rabin giram a giram 100. Ga yadda za ka yi lissafi a tsaye: ka nemi layin sukari a jadawali, ka tabbata na mililita 100 ne, ka ninka da adadin mililita 100 da ke cikin kwalbar, ka raba huɗu, domin cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Kwalba mai santilita 50 da ke da giram 10 a mililita 100 tana ɗauke da giram 50, cokali 12 da rabi. Wannan shi ne iyakar abin da WHO ta ce babba ya sha a yini guda, kuma ta ce rabin haka ya fi. A lura da dabarar "per serving": kamfani ne ke yanka wa kansa girman sha ɗaya, sai ya ce rabin kwalba ne don lambar ta fito ƙarama, alhali babu mai buɗe kwalba ya sha rabi ya ajiye. Wata dabarar ita ce rarraba sukarin zuwa sunaye da yawa, "glucose syrup", "dextrose", "fructose", "invert sugar", "malt extract", don kada ɗaya ya hau kan jerin.

Madara ita ce ta fi damuna, saboda yara ake ba. Madarar gari mai cikakken maiƙo, "full cream", maiƙon nono ne aƙalla kashi 26, furotin kuma wajen giram 25 a giram 100. Akwai "filled milk": an cire maiƙon nonon an mayar da man tsiro, galibi na manja. Tana da araha, babba zai iya sha, amma ba daidai take da ta farko ba, kuma ƙa'ida ta ce a rubuta cewa ba ta dace da jarirai ba. Sai "creamer", wadda ba madara ba ce: sukarin masara ne da man tsiro, furotin ɗinta bai fi giram 2 ko 3 ba a yawancinsu. Fara ce, tana sa shayi kauri, ledarta tana kama da ta madara, wani lokacin har da hoton kofi cike da fari. Uwar da ke dama wa yaro kunu da ita tana ba shi sukari da mai ne kawai. Malam, wannan ita ce wadda nake roƙon ka riƙa gaya wa mata da bakinka. Layin furotin kaɗai ya isa ya raba su.

Tumatirin leda ma haka. "Tomato paste" na gaskiya a Codex sai daskararren tumatir ya kai kashi 24. "Tomato mix" haɗi ne, kuma jerin zai nuna maka abin da aka ƙara, sau da yawa sitaci ko ɓawon waken suya da sukari da launi. Idan an rubuta, ba a yi ƙarya ba, sai dai kada a saya da kuɗin na farko. Wanda ake zargin an ɓoye, a narkar da rabin cokali a rabin kofin ruwa, a ɗiga aidin na wanke ciwo ɗigo biyu ko uku. In ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi akwai sitaci. A zubar da shi bayan gwajin.

Kalmomi irin su "natural", "pure", "premium", "original", "healthy choice", "gives energy" ba su da wani ma'auni da za a kai kotu. Kowane abinci mai sukari yana ba da ƙarfi. Waɗanda ke da lamba a bayansu su ne "low fat", giram 3 ko ƙasa a giram 100. "Reduced" ko "light", aƙalla ragin kashi 25 idan an kwatanta da wani kaya, kuma dole a faɗi kayan. "Source of" bitamin, kashi 15 na buƙatar yini a giram 100, "high in" kuma ninki biyun haka.

Mai Kemis:

Hajiya Malama ta gama da abinci, Allah ya saka. Ni zan yi magana a kan lambar NAFDAC, domin nan ne aka fi ruɗar mutane.

Lambar tana nufin hukumar ta san kayan da mai yin sa. Ba ta nufin duk abin da aka rubuta a kwalba, ko abin da mai mota da lasifika yake faɗa a bakin kasuwa, an tabbatar da shi. A maganin gargajiya ka duba ƙarshen lambar: idan akwai harafin L, an sa shi a jeri ne na wucin gadi bayan an gwada cewa ba ya cutarwa, wato an duba guba, ƙwayoyin cuta da ƙarafa masu illa. Ba a gwada ko yana warkarwa ba. Shi ya sa ake tilasta musu rubuta jumlar nan ta "These claims have not been evaluated by NAFDAC", ma'ana hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Ka neme ta, tana nan da ƙananan haruffa a gefe ko a ƙasa. Sannan ita kanta lambar ana satar ta a buga a wani kaya. Don magungunan asibiti akwai kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, a shigar da lambar a ga ko sunan magani da na kamfani sun dace da na kwalin. Magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wurin kankarewa, a tura lambar ta saƙon waya a sami amsa. Tun 2010 aka fara wannan.

Kwalba ɗaya ba ta maganin taifot da ciwon suga da basir. Taifot ƙwayar cuta ce, ciwon suga matsalar insulin ce, basir jijiyoyi ne suka kumbura. Illar ba asarar kuɗi kaɗai ba ce: mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma wa kwalba, bayan wata biyu a kawo shi da shanyewar ɓarin jiki.

Mafi haɗari su ne waɗanda suke aiki da sauri alhali an rubuta musu "100% herbal". Maganin ƙarfin maza da ke aiki cikin awa ɗaya, sau da yawa gwaji kan nuna an zuba masa sildenafil, wato maganin ƙarfin maza na asibiti, kuma ba a san adadin ba. Wanda ke shan maganin ciwon zuciya na rukunin naitiret ya haɗa da shi, jininsa na iya faɗuwa warwas. Maganin ƙiba da ke cika fuska cikin mako biyu, a yi zargin an zuba masa magungunan asibiti, dexamethasone ko cyproheptadine. Dexamethasone ruwa yake tarawa a jiki, ya ɗaga suga da jini, ya raunana garkuwa, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa lokaci guda sai likita ya rage masa a hankali. Man shafawa da ake haɗawa a roba a rubuta masa "organic", babu jerin kayan haɗi, babu adireshi, amma yana haska fata cikin kwana bakwai: karas da kurkur ba sa yin wannan. Abin da ke yi shi ne clobetasol, ko hydroquinone mai yawa, ko makuri. Na farko yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ga nankarwa, ga ƙuraje, ciwo ba ya saurin warkewa. Na biyu idan an daɗe yana barin baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa, kuma yana kai wa ga jaririn da ke ciki ko yake shan nono.

Kada a ɗauka ƙananan masu haɗi kaɗai ke yin wannan. A Ostareliya kamfanin da ke yin Nurofen ya fitar da kwalaye huɗu, na ciwon baya, na ciwon mara, na ciwon kai mai tsanani da na ciwon kai na gajiya, kowanne da launinsa, ana sayar da su kusan ninki biyu na kuɗin na yau da kullum. Abin da ke ciki iri ɗaya ne sak, ibuprofen lysine miligiram 342. Kotu ta ce yaudara ce, kuma a 2016 tarar ta kai dalar ƙasar miliyan 6. Don haka a magani abin karantawa shi ne sunan sinadarin da ƙarfinsa. Farasitamol miligiram 500 daga kamfani mai rajista aikinsa ɗaya ne ko kwalin ja ne ko fari. Wannan ma yana tsare mutum daga shan abu ɗaya sau biyu, domin maganin mura da yawa akwai farasitamol a ciki, kuma babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba saboda hanta.

Sabulun 99.9 kuwa, a ɗakin gwaji aka samo lambar, a kan wasu zaɓaɓɓun ƙwayoyi, bayan an bar sinadarin a kansu na wani lokaci da ba a faɗa maka ba. Sau da yawa akwai ɗan tauraro kusa da lambar, bayaninsa yana can baya. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa triclosan da triclocarban da wasu sinadarai, 19 gaba ɗaya, a sabulun wanka da wanke hannu na gida, saboda kamfanoni sun kasa nuna sun fi sabulu na yau da kullum. Cuɗa hannu na daƙiƙa 20 da ɗaurayewa su ke yin aikin.

Mai Tireda:

Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Amma Malama, idan kamfani zai iya wasa da gaban kwali, me zai hana shi ƙarya a bayan? Su ne fa suka buga lambobin.

Malama Mai Nazarin Abinci:

Babu abin da zai hana shi, Malam, sai dai ƙaryar baya ana iya kama ta, ta gaba kuwa ba ta da wurin riƙo. Wanda ya rubuta miligiram 40 na bitamin C a mililita 100 ya ba da abin da za a auna. A New Zealand ɗalibai mata biyu 'yan sakandare ne suka gwada lemon Ribena na kwali a 2004 don aikin makaranta, suka ga bitamin C ɗin kusan babu. Tallar tana cewa 'ya'yan itacen da ake yin lemon da su sun ninka lemu sau huɗu a bitamin C. Maganar gaskiya ce a kan 'ya'yan itacen, amma ba a kan abin da ke cikin kwalin ba. A 2007 kamfanin GlaxoSmithKline ya amsa laifi a kotu, aka ci shi tarar sama da dalar ƙasar dubu 200. Ka lura da ginin jumlar, ana yawan amfani da shi: a yabi wani abu da ke cikin haɗin, a bar mai saye ya ɗora yabon a kan kayan duka. "An yi shi da zuma", "da madara ta gaskiya", "da habbatus sauda": nawa aka sa? Ka duba a ina ya faɗo a jerin. In ya zo bayan gishiri ko bayan ƙamshi, ɗigo ne.

Akwai kuma inda kamfani ya yi gaskiya amma ajiya ta ɓata. A Najeriya dole ne a ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, alamar ido da ke jikin kaya ita ke nuna haka. Bitamin A ba ya jure haske da zafi. Man da aka juye a farar roba aka jera a rana mako da makonni ya yi asarar mai yawa daga ciki, ko da ya baro kamfani daidai. Wannan kam a hannunku masu shago yake: mai ya zauna a inuwa, a cikin kwalinsa.

Tambarin halal ma a duba. Kalmar kaɗai kowa zai iya bugawa. Wanda ke da nauyi shi ne mai ɗauke da sunan hukumar da ta tantance, kuma a kayan da ke da nama, jelatin ko kitse yake da muhimmanci, ba a gishiri ko ruwan roba ba.

Injiniyan Sola:

A namu ɓangaren abin da sauƙi, domin wuta tana da nauyi kuma tana da girma. Lamba ana iya buga kowace iri, amma sikeli da tef ba sa bin talla.

Fawa banki: lambar mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, ta batiran ciki ce, masu ƙarfin bolt 3.7. Mai 10,000mAh na gaskiya yana riƙe da 37Wh, wato wutar wat 37 na tsawon awa ɗaya. Idan za a fitar wa waya sai an ɗaga zuwa bolt 5, wannan ya mayar da shi 7,400, zafi kuma ya ci wajen kashi 15, ya rage 6,300 ko kusa da haka. Wayar da ke da batir 5,000mAh za ta sami caji ɗaya da ɗan ƙari, ba biyu ba, kuma wannan a na ƙwarai ke nan. Kamfanonin kirki suna rubuta wannan lamba ta biyu a baya da sunan "rated capacity", ita za a duba. Nauyi kuma: mai 10,000 yana kai giram 180 zuwa 250, mai 20,000 wajen giram 350 zuwa 500, mai 50,000 kusan kilo guda. Wanda Malam ya ambata, kamar tafin hannu, ba zai zama 50,000 ba. Wasu ma har yashi suke durawa a batiran bogi don ya yi nauyi, saboda haka nauyi yana kore ƙarya ne amma ba ya tabbatar da gaskiya. Ƙaramin mitan USB da ke ƙirga abin da ya fita shi ke yanke hukunci. Zagayayyen batirin nan na tocila da fanka, 18650, na gaske ba ya wuce wajen 3,500mAh, nauyinsa giram 45 ko sama kaɗan. Duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta.

Farantin sola: rana mai kyau tana sauke wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, faranti na zamani kuma yana kama kashi 20 zuwa 22. Ka auna tsawo da faɗi, ka ninka, ka sake ninkawa da 200 ko 220. Faranti mai mita ɗaya da rabin mita wat 100 ne zuwa 110. In an manna masa 300, takardar aka canja. A takardar bayansa ka ninka Vmp da Imp, wato bolt da amfiyan da yake bayarwa a ƙololuwar aikinsa, dole su ba da wat ɗin da aka rubuta. Sannan a zafin digiri 25 ake gwada shi, a kan kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da bazara kuwa farantin yana kai digiri 60, kowane digiri na sama yana cin wajen kashi 0.35 zuwa 0.4. Asarar kashi 12 zuwa 14 ke nan tun kafin a yi maganar ƙura. Fitilun titi na sola da ake buga wa 1000W ko 2000W da faranti kamar faifai, lambar sunan samfuri ce kawai. A tambayi wat ɗin farantin, Wh ɗin batirin da lumen ɗin fitilar, wato ma'aunin haskenta. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 80 zuwa 100 ko fiye a kowane wat, tsohon ƙwai mai wat 60 kuma lumen 800 yake bayarwa.

Batirin inbata na dalma mai bolt 12, 200Ah, yana kai kilo 55 zuwa 65. In mutum ɗaya ya ɗaga shi cikin sauƙi, kilo 35 ko 40, dalmar ba ta cika ba. A duba kuma ko C10 ne ko C20: 200Ah a C20 na nufin in an ja shi a hankali cikin awa 20, da an ɗora masa kaya mai nauyi ba zai ba da haka ba. Kuma rabi kawai ake so a sha daga irin wannan batir in ana son ya daɗe, wato wajen 1,200Wh daga 2,400.

Janareta yana da lamba biyu, ta ƙololuwa wadda yake jurewa na ɗan lokaci, da ta aiki. Babbar ake bugawa a jiki. Ƙaramin nan da aka rubuta wa 950, wat 650 ne aikinsa. Idan da kVA aka rubuta, a ninka da 0.8: 5kVA kilowat 4 ne. A sifika kuma babbar lambar wat da ake rubuta wa PMPO ba ma'auni ba ce, wadda aka rubuta wa RMS za a nema. Memori da filash masu araha da aka rubuta wa terabait, an yi wa ƙwaƙwalwarsu dabara ne su nuna babbar lamba. Suna karɓar fayil, amma da sun wuce ainihin girmansu sai su riƙa taka na baya. Manhajar H2testw tana cika shi ta karanta, ta faɗi gaskiyar girmansa. A yi gwajin kafin a zuba abu mai muhimmanci. Mai 64GB ya nuna 58 ko 59 a kwamfuta ba matsala ba ce, bambancin lissafi ne.

Mai Sikeli:

Saura tauye mudu na zamani, wanda ba a taɓo ba. Kuɗi bai canja ba, leda ba ta canja ba, amma giram 500 ya koma 450 ko 400, wani lokaci har da "new look" a gaba. Maganinsa a raba kuɗi da nauyi. Na giram 400 a naira 2,000, kowane giram naira 5 ne. Na giram 900 a naira 4,800, naira 5.3 ne, wato babban da aka rubuta wa "economy pack" ya fi tsada. A kifin gwangwani da wake da masara a nemi "drained weight", a kayan Nijar "poids net égoutté", shi ne nauyin abin ci bayan an tsiyaye mai ko ruwa. Litar man girki giram 910 zuwa 920 ce, don haka jarka mai lita 25 ta ba da wajen kilo 23 ban da nauyin robar. A ɗora a sikeli kafin a biya, haka buhun shinkafa da aka sake ɗinkewa.

Alhaji Mai Tireda, batun alhaki da ka kawo yana da tushe. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mafita gare ka ita ce ka faɗi abin da ke bayan kwalin, ba abin da ke gabansa ba.

In za a kai ƙara: abinci, magani da kayan shafa na NAFDAC ne, kayan wuta da batir na hukumar ingancin kayayyaki ta SON, yaudarar mai saye gaba ɗaya ta hukumar kare haƙƙin masu saye ce, FCCPC, a ƙarƙashin dokar 2018, talla a rediyo, talabijin da intanet kuma ta hukumar kula da tallace-tallace ce, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022. Kada a yar da mazubin. A ɗauki hoton gaba da baya, lambar rajista, lambar rukunin da ake rubuta wa "batch", ranar yi da ranar lalacewa, a haɗa da rasit ko sunan dilan da aka sara a wurinsa. Da lambar rukunin ake bin sawun kaya zuwa masana'anta, in babu ita binciken ba ya nisa.